Rigar da na ɗinka wa kaina

Masu haɗa wannan mujalla sun ce in rubuta wani abu a kan tarbiyya, na ce su yi mini afuwa a wannan karo, domin akwai wata tambaya da aka daɗe ana yi mini a ƙofar masallaci da kasuwa, gara in amsa ta sau ɗaya kowa ya ji. Tambayar ita ce: Malam, me ya kai ka ɗinkin riga da hannu, alhali ga teloli cike da Mubi, kai kuma ba ka rasa kuɗin ɗinki ba?

Abin ya faro ne da dariya. Wani dare a daminar 2023, bayan Isha'i, ɗana na biyu, wanda ke karatu a Foli, ya shigo zaure riƙe da waya yana ƙyaƙyatawa. Ya ce, "Baba, don Allah dubi wannan Baturen, ƙato da gemunsa yana ɗinka wa kansa siket." Na sa tabarau na duba. Wani mutumin Sikotlan ne, ya shimfiɗa dogon yadin ulu mai gida-gida a kan tebur, yana ninkewa kaɗan-kaɗan, yana kafa allurai, yana bi da zare. Su kilti suke ce masa. Yadi wajen takwas ake ninkewa ya koma abin ɗaurawa guda, ninkin duk a baya yake, gaba kuwa falle biyu ne a shimfiɗe, ɗaya kan ɗaya, a ɗaure da maɗaurin fata a ƙugu. Tsawonsa iya gwiwa. Yaron ya ci gaba da dariya, ni kuwa na ce ya mayar mini baya in sake gani. Hannun mutumin nake kallo. Yadda yake danne ninki da babban yatsa kafin ya soka allura, wallahi haka mahaifina yake yi.

Daga baya yaron ya karanto mini tarihin abin. Ashe a 1746, bayan an ci mutanen duwatsun ƙasar da yaƙi, majalisar Landan ta yi doka ta hana su saka wannan sutura, in ban da sojan sarki. Wanda aka kama karon farko wata shida a kurkuku, karo na biyu a kai shi hayin teku shekara bakwai. Sai a 1782 aka janye dokar. Na ce masa, to ka ji, abin da aka ɗaure kakanninsa a kai ba abin dariya ba ne a wurinsa. Ta fuskar shari'a ina da magana, domin al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, abin da ya tsaya daidai gwiwa kuwa in an zauna sai an yi hattara. Amma batun wai namiji ba ya ɗaura zane, wannan rashin fita ne. Duk wanda ya je Makka ya ga mutanen Yaman da na Indunusiya da zanensu, shi kansa alhajin me ya ɗaura a harami? Mu ma kakanninmu warki suka ɗaura, har yau 'yan dambe da maharba ba su yar da shi ba.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mutumin ƙasar Zazzau ne. Ya zo garin nan jim kaɗan bayan ƙuri'ar 1961, wadda ta haɗa wannan yanki da Nijeriya aka kira shi Lardin Sardauna. Fatauci ya kawo shi, karatu ya zaunar da shi. Dattawan unguwa za su tuna zaurenmu: almajirai a zagaye da alluna, shi a kan buzu, riga ko hula a cinyarsa. Yana gyara wa yaro kuskuren karatu idonsa na kan allura. A zamaninsu haka malamai suke, ɗinki sana'arsu ce, don kada su zauna jiran abin hannun mutane. Yakan ce mana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa da kansa, kamar yadda aka ruwaito daga Nana A'isha, Shehu Usmanu kuma igiya yake tufkawa.

Akwai wata riga da ya ɗinka wa kansa, farar saƙa ce, ƙwarya-ƙwarya aka haɗa, kowace ƙwarya faɗinta bai fi tafin hannu ba. Aska biyu ce, da tambari gaba da baya. Nauyi gare ta kamar bargo. Da ya rasu aka raba gado, 'yan'uwana suka bar mini ita ba tare da an yi mata kuɗi ba, saboda ni nake tsayawa a gaba idan liman ba ya nan. Ranar idi kawai nake saka ta, sai ɗaurin aure na kusa. Ni ban koyi ɗinki a wurinsa ba. An sa ni Islamiyya, daga nan na faɗa kasuwar wake da gyaɗa, a lokacin ina ganin allura aikin tsofaffi ce.

Ranar Laraba 29 ga Oktoban 2014 ba sai na ba mutanen Mubi labarinta ba. Kowa ya san inda ƙafarsa ta kai shi. Mu ta duwatsu muka bi muka faɗa Kamaru, daga baya muka zagayo Yola. Na fita da jallabiyar da ke jikina da silifa. Har an canza wa garin suna muna can muna ji a rediyo. Da muka dawo na tarar da ƙofa a ɓalle, akwati a buɗe. Buhunan wake sun tafi, wannan ban yi mamaki ba. Rigar ma ta tafi. Ban san wanda ya ɗauka ba, kuma na daina tambaya, domin ba duk abin da ya ɓace a garin nan mutanen daji suka ɗauka ba, wannan kowa ya sani, a bar kaza cikin gashinta. Abin da ya rage littattafai ne a warwatse a tsakar ɗaki. Ina tattarawa, a cikin Risalar mahaifina na tsinci wata takarda a ninke, ta yi ja don tsufa. Zanen aska biyu ne da tambari, da tawadar allo, hannunsa. Na mayar da ita inda take, na rufe. Ta yi shekara tara a wurin.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Gab da zaɓen 2023 wani mai neman kujera ya aiko wa limamai da na'ibai shadda, yadi goma-goma, mai tsada. Tawa ta iso har gida a leda. Na karɓa, na yi addu'a, na ce wa kaina ai kyauta ce, ban roƙa ba. Ba a yi wata guda ba, maƙwabta suka zo mini da ƙara: wani na jikin mutumin yana gini ya ci hanyar ruwa, idan damina ta sauka gidaje huɗu za su sha. Suka ce, "Malam, kai za ka yi magana, kai ake jin nauyi." Na ce to. Na shirya zuwa sau uku. Duk lokacin da na kai bakin lungun sai in tuna ledar nan da ke cikin akwati, sai ƙafata ta yi nauyi. Ba wanda ya ce in yi shiru, ba wanda ya tuna mini da shadda. Ni da kaina na ɗaure bakina. A ƙarshe wani dattijo mai facin taya, wanda ba a aika masa ko ƙyalle ba, shi ya je ya faɗi gaskiya tsirararta aka ja ginin baya. Ranar na ja sallar Magariba ina jin kunyar sahun da ke bayana.

Shaddar dai na kai wa tela a farkon azumi. Ba zan kama suna ba, yaron kirki ne, kuma na san halin da suke ciki: ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa, wuta ba ta zama, ga shi a lokacin takardar kuɗi ma ta yi wuyar gani. Je ka dawo, je ka dawo, har daren Sallah. Da na karɓa na warware sai na ga an yanka ta da awon wani. 'Yar cikin ba ta shiga kafaɗata, rigar kuma wuyanta ya zazzago har ciki. Yaron ya durƙusa yana ba da haƙuri kamar zai yi kuka. Bai san cewa a raina hamdala nake yi ba. Na ba wani almajiri babba da ta yi wa daidai, na je idi da tsohon kaftani.

To a kan wannan ciwon ne bidiyon Baturen ya faɗo. Da yaron ya fita na ɗauko Risala na buɗe takardar.

Sai dai da na zauna na lissafa, ɗinki guda ɗaya na iya a duniya, shi ne na likkafani. Duk wanda ke tsayawa a gaban sahu a unguwa dole ya iya shi. A mazhabarmu ta Malikiyya an so namiji a yi masa guda biyar: riga, rawani, gyauto da mayafi biyu, mace kuma bakwai. Ba awo ake yi na ƙwarai ba, ba a ƙawata ɗinki, a keta alawayyo a yi manyan taku a gama kafin a fito da mamaci daga wanka. Ranar 21 ga Nuwamban 2017, da aka tashi bam a masallacin Unguwar Shuwa ana sallar Asuba, da ranar 1 ga Mayun 2018, hannuna ya keta alawayyon da ban san adadinsa ba. Tun daga nan ƙarar keta sabon yadi take tayar mini da tsigar jiki, ko a shagon masu atamfa na ji. Na ce a raina, shekara da shekaru ina yi wa matattu ɗinki, bari in gwada yi wa mai rai ko sau ɗaya.

Da alawayyon na fara gwaji, don shi ne mai araha. Na yi 'yar shara. Uwargida ta leƙo ta gan ni zaune da farin yadi a cinya, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, Malam, wa ya rasu?" Na ce ba kowa, riga nake yi. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Ga keke a ɗaki, Butterfly, lafiyarsa lau. Kawo in zuge maka kafin La'asar." Na ce a'a. Ta ce, "Allah Ya ba da sa'a," irin faɗar da mata ke yi idan sun san inda abu zai ƙare. 'Yar sharar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da aka wanke ta kuma ta tsuke ta koma ta yaro. Darasi na farko ke nan: yadin auduga a jiƙa shi ya kwana, a shanya, a goge, sannan a sa masa almakashi.

Daga nan na nemi wani tsoho mai ɗinkin hula a nan unguwa, sa'an ƙanen mahaifina ne, Baffa nake ce masa. Idonsa ya yi rauni amma yatsunsa na gani. Na nuna masa takardar, ya shafa ta ya yi shiru, can ya ce, "Wannan zanen Zariya ne. Ubanka ba ya gaggawa. Kai kuwa ɗan kasuwa ne, za mu gani."

Na sayi farin yadi mai kauri, na auduga zalla, yadi goma sha biyu. Babbar riga in ka warware ta ba wani siddabaru a ciki, shimfiɗa ce mai kusurwa huɗu. Faɗinta ya wuce buɗin hannuwanka biyu, tsawonta daga kafaɗa zuwa ƙwauri sau biyu, don a kafaɗa ake ninke ta. Tun da yadin nawa ba shi da faɗi, falle uku na yanka, kowanne yadi uku ba kaɗan, na jera su gefe da gefe. Ragowar na aljihu ne da shafi. Baffa ya koya mini kada in yarda da idona wajen yanka: a tsinke zare ɗaya a bakin yadi a zare shi har ƙarshe, layin da ya bari shi almakashi zai bi. Tsawo kuwa na tsayar da shi sama da idon sawu da kyau, don ba na son in hana yara jan tufa a ƙasa alhali tawa tana shara.

Haɗa fallayen nan shi ya fara nuna mini kaina. Layi biyu ne kawai, amma kowanne sai ka bi shi sau biyu: ka haɗa, sannan ka kwantar da bakin ka kalmashe don kada ya zare. Taku ƙanana, kamar ƙwayar gero a jere. Ina yi bayan Asuba kafin in fita, ina yi a rumfa idan ciniki ya lafa. Zare a allura kuwa jikata ce ke sa mini, 'yar shekara bakwai, ta kafa mini haraji alewa ɗaya allura biyar. Yatsana na tsakiya ya huje har sai da na naɗe shi da 'yar fata. Mako uku na yi a kan layi biyu.

A kasuwa magana ta tashi. Wani ya ce wake ya karye da Malam. Wani ya ce ai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu kowa ma sai ya koma allura. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne maƙwabcin rumfata, Bafulatani, da ya ce, "Moodibbo, in likkafaninka kake tanada ka faɗa mana mu yafe juna." Akwai kuma wanda bai ba ni dariya ba. Wani mai hali a cikin masu sallah a bayana ya same ni a keɓe ya ce abin kunya ne a gare su a ga na'ibinsu yana ɗinki a rumfa, in faɗi irin shaddar da nake so gobe a kawo. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Na yi godiya, na ce ya bar ni da wannan, alwashi ne tsakanina da mahaifina. Rabin gaskiyar ke nan na gaya masa, sauran rabin yau zai karanta.

Sai wuya. Wuyan babbar riga ba daidai yake ba, gefe guda a miƙe yake gefe guda a karkace, aljihun kuma, wannan babban falle da ake zuba aiki a kansa, a hagun mai sakawa yake zama, don hannun dama ya shiga. Na shimfiɗa rigar a tabarma, na tsaya a kanta, na zana da alli, na yi bisimilla na yanka. Na kai wa Baffa ina jin kaina. Ya zura mini ita a wuya, ya ja baya, ya ce, "Kai bahago ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To wannan rigar bahago ce." Ashe da na tsaya ina fuskantar ta, haguna ne damanta. Na zauna a ƙasa. Yadi goma sha biyu, ga kuɗi ga wahala. Ya bar ni na gama jimami sannan ya ce farin yadi ba shi da fuska, a juya ciki ya koma waje, wuya zai dawo daidai. Sai dai kalmasar nan da na yi mako uku a kanta yanzu ta koma waje. Dole a farke. Na farke ta da reza, taku ɗaya-ɗaya, kwana biyu, ban yi wa kowa magana mai daɗi a gidan ba.

Aikin aska shi ya ci sauran watannin. Baffa ya ɗora takardar mahaifina a gefe, ya sa na kwafa a kan aljihun da fensir, shi yana bi da yatsa yana cewa nan ka faɗaɗa, nan ka tsuke. Aska dogon tsini ce mai saukowa daga bakin aljihu, a cike cikinta da zare taku kusa da taku har yadin ya ɓace. Wahalarta a tsinin take. In ka ja zare da ƙarfi yadi ya tattare, in ka sassauta aiki ya yi burtsi. Kuma hannu yana bin zuciya. Wurin da na ɗinka ranar da wani ya cinye mini kuɗin buhu shida, har yanzu in na duba ina gane shi, takun a matse suke kamar masu faɗa. Wurin da na yi a goman ƙarshe na azumi kuwa lumui. Na so in gama kafin ƙaramar Sallah, ban samu ba. Aska ta biyu ta ɗan karkace, tsininta yana kallon waje maimakon ƙasa. Na ce zan farke, Baffa ya ce in bar ta, wanda zai gane ya riga ya mutu ko ya makance.

A Babbar Sallar 2024 na saka ta. Ba ta kai ta mahaifina ba ko kusa, ba ta da nauyinta, tambarin baya ma ban yi ba har yau. Amma da na ɗaga hannu na naɗe ta a kafaɗa, ba wanda ya faɗo mini a rai sai shi. Bayan an sauko telan nan ya zo gaishe ni, ya kama bakin aljihun yana dubawa, ya ce, "Baba, wata nawa?" Na ce goma da 'yan kai. Ya ce, "A haka ai yunwa za ta kashe mu." Gaskiyarsa, shi ya sa kaftanin yau da kullum har gobe shi nake kai wa, sai dai yanzu tun watan Rajab.

Da yamma na je yi wa Baffa barka da Sallah. Ya ce in matso. Ya bi aska da yatsa, ya bi wuya, ya gyaɗa kai. Sannan ya kamo gindin rigar ta baya, ya juya shafin, wato yadin da ake lulluɓe bakin ƙasa da shi ta ciki don riga ta zauna. Ya bi shi a hankali tun daga wannan gefe har wancan. Ya ce, "Na gaba hannunka ne. Wannan na baya hannun wa?" Na ce nawa ne mana, Baffa, ba wanda ya taɓa ta. Ya ce, "Uhm. Je ka tambaya a gida."

Na koma na tarar da uwargida tana suyar nama. Na tsaya a bakin madafi na ce, shafin baya fa? Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ranar da ka tafi Yola ta'aziyya ne. Ya tattare kamar bakin jaka, Malam, kuma kai ne a gaba, bayanka mutane suke kallo. Na farke na mayar, da hannu na yi, ban sa keke ba." Na ce me ya hana ki gaya mini? Ta ce, "Miƙo mini wancan faranti."